Darasi: Cutar da tunkiya ke yawo da ita lafiya lau, saniya ta kwanta

Darasinmu na wannan karo ya shafi wata cutar shanu wadda ba ta cikin waɗanda ake yi wa allura lokacin zagayen rigakafi na shekara. Ba ta share garke kamar yadda bushiya ta riƙa yi a zamanin da. Ɗaya-ɗaya take ɗauka. To amma mutumin da bijimai biyu ne kaɗai gare shi, su ne na huɗa, su ne na jan amalanke, in ta ɗauki guda ai ta raba shi da rabin dukiyarsa, kuma ta tsai da masa noman bana. A takardun sarwis ɗin kiwo, da Faransanci, sunanta koriza gangarene. Mu a nan za mu riƙa ce mata muguwar murar shanu, tun da yake da majina da hawaye take farawa.

Abin da ya kamata ku riƙe tun daga farko shi ne, saniya ba ta ɗaukar wannan cuta daga ƴar'uwarta saniya. Daga tunkiya take samun ta. Kuma ba tunkiya marar lafiya ba, a'a, tunkiya mai ci mai sha, mai ƙiba, wadda ko malamin dabbobi ya duba ta ba zai ga kome ba.

Ƙwayar da ba ta barin jiki

Mai kawo cutar wata ƙanƙanuwar ƙwaya ce daga cikin waɗanda ake kira birus, ido ba ya ganin ta. Danginta sunansu harpes. Mu mutane ma muna da namu harpes ɗin. Kun san ƙurajen nan da ke fito wa mutum a leɓe bayan ya yi masassara, su bushe, bayan wata da watanni su sake fitowa a wuri guda? Harpes ne. Ƙarambau da yara ke yi shi ma ɗan wannan dangi ne. Halinsu ɗaya: in sun shiga jiki sun shiga ke nan har mutuwa. Sai su laɓe su yi shiru. Ran da jiki ya yi rauni, saboda yunwa, ko doguwar tafiya, ko haihuwa, ko wata rashin lafiya, sai su farka su fara fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa. Wannan ƙadangaren kuwa da ma yana cikin ɗaki, tsagar fita yake jira.

Kusan kowane irin bisa yana da harpes nasa na gado. Tunkiya da nata, akuya da nata, saniya da nata, doki da nasa. Wannan da muke magana a kai, ita da tunkiya sun daɗe tare, sun saba, ba wanda ke cutar wani. Amma in ta ɓata hanya ta faɗa jikin saniya, sai jikin saniyar ya rikice. Sojojin jini, waɗanda aikinsu kare jiki ne, su yi yawa fiye da kima, su juya su far wa jijiyoyin jini da fatar cikin baki da hanci da ido da hanji. Wato ba ƙwayar ce ke cinye saniyar kai tsaye ba, faɗan da jikinta ya tayar ne ke kashe ta. Shi ya sa magani ba ya kama ta.

Abin da aka koya daga namun daji

A kan manyan duwatsun Turai da ake kira Alp, tsakanin Faransa da Suwis da Italiya, akwai wata akuyar dutse da Faransawa ke kira shamwa. (Kada a haɗa ta da shamuwa tsuntsuwar damina, suna ne kawai ya zo kusa.) Akwai kuma wani bunsurun dutse mai manyan ƙahoni da ake kira ibes. Masu bincike sun auna jini da kaluluwar waɗannan namun daji, sun tarar da harpes a jikin waɗanda ba su nuna alamar ciwo ko kaɗan. Mu ma a Nijar muna da ɗan'uwansu, wato ragon dutse na duwatsun Azbin da na Tarmit. A cikin ragunan dutse da ake kiwo a ƙasashen waje an gano irin tasu ƙwayar, ƴar ɗaki guda da ta tunkiya. A gidajen ajiye namun daji na Amurka, ƙwayar wani irin ibes ta kashe wasu manyan gadaje masu tsada da ake kira bongo, don kawai an yi musu maƙwabtaka. Shi ibes ɗin kuwa ko tari bai yi ba.

Amma waɗanda suka riga kowa gane wannan al'amari makiyaya ne, ba likitoci ba. A Keniya da Tanzaniya akwai Masai, mutanen shanu kamar Fulaninmu. A ƙasarsu akwai wani naman daji mai yawan gaske, mai gemu da ƙahoni kamar na ɓauna, ana ce masa nyumbu. Tun kaka da kakanni Masai sun lura cewa in shanunsu suka yi kiwo inda nyumbu ke haihuwa, bayan ƴan makonni sai wasu su makance su mutu. Don haka a arewacin Tanzaniya, wajen watan Fabrairu zuwa Afrilu, sukan kwashe shanu su bar fili mai ciyawa mai kyau su koma tudu, har ƴaƴan nyumbu su tasa. A 1960 ne wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, da ke aiki a Muguga cikin Keniya, ya ware ƙwayar ya tabbatar da maganar Masai. Shi ne kuma ya haɗa allurar rigakafin bushiya da aka yi ta yi wa shanunmu shekara da shekaru, har aka yi shelar ƙarewar bushiya a duniya a 2011.

Nan ƙasar Maraɗi ba mu da nyumbu, ragon dutse kuma yana can nesa arewa. Namu mai ɗauke da ƙwayar yana ɗaure a tsakar gida.

Wace tunkiya, kuma yaushe?

Duk ƙasar da aka auna tumaki, an samu mafi yawan manyansu na ɗauke da wannan ƙwaya. Don haka ba maganar a ce tumakin wane ne masu cuta, na wane masu tsabta. Balami ko Uda ko Ara'ara, a ɗauka duk suna da ita.

A da ana zaton lokacin haihuwar tumaki ne ya fi haɗari, ana kwatanta shi da na nyumbu. Bincike na baya-bayan nan ya nuna ba haka ba ne. Ɗan tunkiya yawanci ana haihuwarsa babu ƙwayar. Sai ya wuce wata 2 yake ɗaukar ta daga sauran garke. Ya kai wata 6 zuwa 9, a nan ne yake zubar da ita da yawa ta majina da numfashi. Babbar tunkiya da babban rago su ma suna fitar da ita, amma jifa-jifa, kuma kaɗan. Ke nan ƙosasshen ragon layya da ya shekara bai kai ɗan ragon da ya tasa haɗari ba. Ku yi lissafi da kanku: ɗan da aka haifa da kaka, cikin watan Oktoba ko Nuwamba, zai kai wannan matsayi daga bazara zuwa tsakiyar damina. Daidai lokacin da bijimin huɗa ya fito daga yunwar rani, ya shiga aiki mai nauyi, kuma aka tattara bisashe duka cikin gida don kada su shiga gonakin mutane.

Ƙwayar ba ta da ƙarfi a waje. Rana da bushewa na kashe ta da sauri. Inda take daɗewa shi ne wuri mai inuwa da laima, inda iska ba ta ratsawa: rumfa guda da aka cusa shanu da tumaki, kwamin ruwa guda, kwando guda na dussa da ɗan rago ya yi atishawa a ciki sannan bijimi ya sa baki. A fili, inda kowa ke kiwonsa cikin rana, haɗarin kaɗan ne.

Ga wani misali daga Amurka da ke nuna abubuwa biyu. A 2003, a jihar Idaho, an ajiye ƴan tumaki kusa da wani wurin turkar ɓaunan ƙasar, waɗanda ake kira bizon, kwana 19 kacal. Bizon 825 suka mutu, fiye da rabin waɗanda ke wurin. A wannan wuri kuma akwai dubban shanu, amma guda ɗaya tak ta kamu. Abu na farko, ƙwayar tana da kisa. Na biyu, ba kowane irin bisa take ci daidai ba.  

Wani zai ce: "To malam, ni tun ina yaro tumakinmu da shanunmu wuri guda suka kwana, ba mu taɓa ganin wanga abu ba." Gaskiya ne, kuma gidaje da yawa haka za su faɗa. Ba mu ce kowane gida za ta shiga ba. Sai dai zaman ya sake. Da can gida na da fili, akwai makiyaya a bayan gari, shanu na kwana a gona. Yau a unguwannin Maraɗi, da Tsibiri, da ƙauyukan da ke bakin gulbi, gona ta cinye makiyaya, gida ya ƙanƙance, turka ta yawaita. A Jiratawa, inda noman rani ke ba da ganye da ragowar amfanin gona kusan duk shekara, mutane da yawa na ɗaure bisashensu a gida, bijimi nan, raguna nan, taki ɗaya tsakaninsu. Hancin rago da hancin sa ba su taɓa kusantar juna kamar yanzu ba.

Kuma sau da yawa in ta yi kisa ba a gane ita ce ba. Daga ranar da saniya ta shaƙi ƙwayar zuwa ranar da za ta kwanta, yakan ɗauki mako 3, ko wata 2, wani lokaci fiye da haka. Kafin nan an sai da ƴan ragunan a kasuwar Litinin ko ta Juma'a, an manta da su. Sai a ce sammu ne, ko baki, ko ta ci wani mugun haki.

Yadda ake gane ta

Saniyar takan daina ci farat ɗaya, ta tsaya ta sunkuyar da kai, ta guji hasken rana. Jiki ya yi zafi ƙwarai. Zafin jikin saniya mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, wannan kuwa yakan kai 41, har ya wuce. Hawaye na zuba daga idanu biyu. Majina ta fara kamar ruwa, bayan kwana biyu ko uku ta yi kauri, ta zama ruwan ɗorawa, ta yi wari, ta bushe ta toshe hanci har numfashi ya riƙa ƙara. Fatar kan hanci ta tsattsage ta yi ɓawo. Cikin baki ya yi ja da gyambuna, miyau na dalala. Ku shafa gaban kafaɗa da gaban cinya da ƙarƙashin kunne, za ku ji kaluluwa ta kumbura ko'ina. Wata ta yi zawo, har da jini. Wata fitsarinta ya yi ja. Wata kuma kanta ya taɓu, ta riƙa rawar jiki, ko tangaɗi, ko ta tasar wa mai ita.

Babbar alama tana ido, kuma a nan muke so ku tsaya da kyau. Wani fari-fari mai shuɗi-shuɗi yakan fara daga gefen baƙin ido, ya zagaye shi kamar zobe, sannan ya riƙa cin ciki har ya rufe tsakiya. Kuma idanu biyu ne tare. Wannan ya bambanta da ciwon idon da ƙudaje ke yaɗawa, wanda kuka sani sarai: shi daga tsakiyar ido yake farawa, yawanci ido guda, saniya na ci tana sha, jikinta ba zafi sosai, kuma in an sa magani tana warkewa. Ku riƙe: fari daga tsakiya, ido guda, saniya na kiwo, wannan na ƙuda ne. Fari daga gefe, ido biyu, ga masassara ga majina, ku aika a kira malamin dabbobi a ranar.

Ciwon baki da kofato shi ma yana kawo dalala da gyambon baki, amma shi garke yake bi, yau biyar gobe goma, ga ɗingishi, kuma manya ba su cika mutuwa ba. Muguwar mura kuwa guda take kamawa, sauran na tsaye lafiya, wadda ta kama kuma da wuya ta tashi. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu ta mutu. Wata ma kwana biyu ko uku, tun ido bai yi fari ba. Kaɗan ne ke tsira, su ma sau da yawa da makanta da rama.

Dattawan da suka ga bushiyar da ta dawo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Najeriya a 1983, in suka ga saniya da hawaye da majina da gyambon baki da zawo, gabansu zai faɗi. Suna da gaskiya, cututtukan biyu sun yi kama. Bushiya ta ƙare, an daina allurarta, wato shanun yau ba su da kariya daga gare ta ko kaɗan. Saboda haka duk saniyar da ta nuna waɗannan alamomi, doka da hankali duka sun ce a sanar da sarwis ɗin kiwo, a tabbatar ko mi ne ne. Wannan ba don mai saniya kaɗai ba ne, don garken ƙasa ne baki ɗaya.

In ta riga ta kama

Ba ta da magani, kuma irin ta tumaki ba ta da allurar rigakafi. A Keniya da Tanzaniya an gwada wata allura domin irin ta nyumbu, an ga alamar nasara, amma wannan ba tamu ba ce. Muna faɗin haka ƙarara don mun san abin da ke biyo baya. Mai bijimi ya ruɗe, ya tafi kasuwa wurin mai tebur, a ba shi farar allura da jar allura da ƙunshin gari, ya kashe jikka da jikka, bijimin kuma ya mutu da maganin a jikinsa. Maganin da ake kira antibiyotik ba ya kashe birus. Likita na iya ba da shi don rage ruɓar gyambo, da wani na sassauta zafi, amma shi ne zai duba ya ce ko akwai amfani. Barkono ko gishiri ko taba da wasu ke zubawa a ido, da lalas da wuta a goshi, azaba ce kawai aka ƙara wa dabba.

A kai ta inuwa, a ajiye mata ruwa mai sanyi kusa, a goge mata hanci da tsumma mai laima don ta samu numfashi. A ware ta har likita ya zo. Ko da yake ita wannan cuta ba ta tsallakawa daga saniya zuwa saniya, kafin a auna ba wanda ya san ko ita ce ko wata mai yaɗuwa.

Mutum ba ya kamuwa da ita. Amma wannan bai halatta a yanka a ɓoye a rarraba nama ba. Naman bisar da ta yi kwanaki tana masassara, aka ɗura mata magunguna, ba abin ci ba ne sai mai duba nama ya gani ya yarda. Kuma kada a yi mata kwalliya a tura ta kasuwar Tsibiri ko ta Maraɗi a ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mata a ido. Wanda zai saya shi ma talaka ne, wataƙila da bashi ya zo.

In malamin dabbobi ya zo, ku taimake shi da labari: yaushe ta daina ci, akwai tumaki a gidan ko a maƙwabta cikin wata 3 ko 4 da suka wuce, masu wata nawa, ina suke shan ruwa. Zai ɗebi jini. In ta mutu, zai yanki kaluluwa da saifa da ƙoda ya sa a ƙanƙara a aika Labosel, wato babban ɗakin binciken dabbobi na Yamai. Gawar da ta kwana cikin zafi ba ta da amfani wurin awo, shi ya sa muke cewa a ranar.

Raba makwanci

Kada wani ya karanta wannan darasi ya koma gida ya ce wa maiɗakinsa ta sai da tumakinta. A yawancin gidajenmu tumaki da awaki na mata ne. Su ne asusun gida, su ne kuɗin magani da na suna da kayan ɗakin ɗiya. Bijimi kuma na maigida. In aka mai da wannan magana ta zama "tumakinki sun kashe mini sa", an ɓata zama, cutar kuma ba a kore ta ba, tun da na maƙwabci na nan bayan darni. Abin da ake nema tazara ce, ba rabuwa da dukiya ba.

Makwanci shi ne kan gaba. Tumaki gefe guda na gida, shanu ɗaya gefen, gwargwadon yadda fili ya ba da hali, kuma kada su kwana ƙarƙashin rufi guda. In gidan ƙarami ne ƙwarai, gara bijimi ya kwana waje a turke, ko a gona in akwai mai tsaro, da a cusa shi rumfa ɗaya da ƴan raguna. Darnin kara bai hana numfashi wucewa, amma ya hana haɗa hanci da lasar juna, kuma wannan ma riba ce. Katangar ƙasa ta fi.

Sai ruwa da abinci. Kowa da kwaminsa. Rabin tano ko tsohuwar roba ta isa, ba sai an kashe kuɗi ba. A bakin rijiya ko famfo, inda dole kwami guda ne, a fara shayar da shanu, tumaki su biyo baya, in an gama a zubar da sauran a bar rana ta bushe shi. Ragowar harawa da dussar da tumaki suka bari, kada a tattara a zuba wa sa, ko da yake mun san da rani hannu ba ya son zubar da ita. A mayar wa tumakin, ko a shanya ta a rana sosai.

Masu sayen ƴan raguna da arha bayan salla don su turke su har wata layyar, ku ne wannan magana ta fi shafa, don kuna kawo masu wata 5 ko 6 daga garke dabam-dabam ku tara wuri guda, ga wahalar mota, ga sauyin abinci. A irin wannan hali ne suka fi zubar da ƙwayar. Ku yi musu wurinsu nesa da shanu tun ranar da suka sauka, su zauna can har su wuce wata 9 ko 10.

Makiyayan da ke hawa arewa da damina wajen Dakwaro da Gadabeji, su sauko da kaka su zauna a gonaki don taki, da ma al'adarsu ta raba garken tumaki da na shanu wurin kwana. Al'ada ce mai kyau, a riƙe ta. Inda ake sakaci shi ne maraƙi da ɗan tunkiya da ake bari a ruga tare, a igiya guda, manya sun tafi kiwo. Haka kuma masu hali na birni da ke ajiye barewa a gida don sha'awa: kada a haɗa ta da tumaki da awaki. Abin da ya faru da bongo a Amurka ya isa ishara.

Awaki fa?

Akuya ma tana da tata ƙwayar mai kama da ta tunkiya, an gano ta a 2001. Ita an fi sanin ta da kashe barewar ƙasashen sanyi, ba a san ta da ɓarna a shanu kamar ta tunkiya ba. Sai dai akuyar da ke zaune da tumaki na iya ɗaukar tasu.

Wadda ta fi damun mai awaki wata harpes ce dabam, mai cutar akuyar kanta. Ta hanyar barbara take yaɗuwa. Gaban akuya ya kumbura ya yi ja, ƙananan ƙuraje su fito su fashe su yi ɓawo, bunsuru ma haka a nasa gaban. Cikin mako biyu sukan warke, mai su ya ce ya wuce. Bai wuce ba, ya laɓe ne, kuma lokacin neman bunsuru yakan farka. Akuya na iya ƙin ɗaukar ciki, ko ta yi ɓari cikin ya tsufa, ko ƴaƴan su mutu cikin mako ɗaya ko biyu da haihuwa. An san wannan cuta sosai a Girka da Italiya da Sipaniya, ƙasashen da ke da awaki da yawa.

Dalilin kawo ta nan shi ne yadda muke kiwon jar akuyar Maraɗi. Tun da aka buɗe cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi a 1963, ana ƙarfafa mutane su zaɓi jan bunsuru na ƙwarai, su dandaƙe sauran, don iri ya tsaya da kyan fata da yawan tagwaye. Shawara ce mai kyau, amma tana nufin bunsuru guda ne ke bin awakin unguwa duka. In shi ke da cutar, ya raba wa kowa. Don haka ƙungiyoyin mata da ke da bunsuru na tarayya, da masu karɓar akuyar habbanaye, a duba gaban bisa da ido kafin a karɓa, a sake dubawa kafin a sake shi cikin awaki. Wanda aka ga ƙuraje ko ɓawo gare shi, a ɗaure shi, a nuna wa malamin dabbobi. Akuyar da ke da ƙurajen ita ma kada a kai ta barbara sai an duba ta.

In akuya ta yi ɓari, ko mi ne ne sanadi, kada a taɓa ɗan da mahaifar da hannu tsirara. Ita harpes ɗin akuya ba ta kama mutum, amma akwai wasu cututtukan ɓari da ke kamawa, kuma da ido ba a bambanta su. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne yadda kare ba zai tono ba, a wanke hannu da sabuni. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, nonon akuyar kuma a tafasa shi kafin a sha. In awaki biyu ko uku suka yi ɓari a unguwa guda cikin wata ɗaya, shugabar ƙungiya ko mai unguwa ya kai labari sarwis ɗin kiwo na kwamin, a ajiye ɗan ɓari na ƙarshe cikin leda biyu a wuri mai sanyi, don likita ya samu abin aikawa awo.